Tukwicin Rabi Mai Wake

Duk yaron da ya zauna a ajin firamare a Babban Mutum a 'yan shekarun nan ya san Rabi mai wake, in ma ya manta fuskarta to cikinsa bai manta hannunta ba. Gajeruwa ce mai jiki, mai saurin ƙafa da saurin baki, irin matan nan da kafin ka gama gaishe su sun gaya maka inda ka yi kuskure a rayuwa. A wani ƙauye ta wajen Mai'adua aka haife ta, gidan manoman gero da wake, aure ne ya kawo ta Babban Mutum. Mijinta dillalin awaki ne, mutum mai haƙuri, wanda mutanen gari suka ce haƙurin nasa ne ma ya sa zaman ya ɗore. Da ya rasu ya bar mata ɗaki biyu da kaji cike da tsakar gida. 'Ya'ya kowa ya kama gabansa, sai jikarta Amatullah da take riƙo. Tun mijin yana da rai Rabi take dafa wake da shinkafa tana sayarwa ranar kasuwa, har direbobin da ke bin hanyar kan iyaka suka san lungunta. Saboda haka da aka zo neman matan da za su riƙa dafa wa 'yan makaranta abincin gwamnati, babu wanda ya tsaya tambayar sunan wa za a fara kira.

Ba a maganar Rabi a bar Kulu. Shekara ɗaya aka kawo su unguwar, lungu ɗaya suka zauna, kuma tun suna amare suka ƙulla ƙawance. Kowacce ta zauna wa 'yar'uwarta jego, kowacce ta taya ɗaya zaman takaba. Kulu doguwa ce, mai sanyin jiki da sanyin murya, wadda in ana hira sai an juyo an neme ta kafin a tuna tana wurin. Rabi ce ta je ta tsaya a kan shugaban makaranta har aka sa Kulu cikin masu dafa abinci, kuma gaskiya ba ta taɓa barin Kulu ta manta da haka ba. A makaranta tukwanensu na jere a ƙarƙashin bedi, yara kuwa in aka kaɗa ƙararrawa gun Rabi suke rugawa suna kiran Inna mai wake, sai wanda aka ture ya koma layin Kulu. Kulu ba ta damu ba, ko kuwa babu wanda ya taɓa tambayarta ko ta damu. Rabi tana ƙaunar Kulu, wannan babu tantama, za ta iya cire zanen jikinta ta ba ta. Sai dai ƙaunar tana da wani sharaɗi da ita kanta ba ta san da shi ba, wato Kulu ta riƙa tafiya a bayanta.

Sai ga shekarar korona. Aka rufe Daura, aka rufe hanyoyi, aka ce kowa ya zauna gida, makarantu suka tashi ba ranar komawa. Rabi ta wanke manyan tukwanenta ta kife su a bayan ɗaki. Ga zafin bazara, ga azumi ya kama, ga magidanta da yawa dokar kulle ta rutsa da su a Kano da Legas inda suka je cin rani, gidaje sai mata da yara. Yunwa ta shiga gari a hankali. Rabi ita ma ta ji a jikinta, amma abin da ya fi cin ranta shi ne shirun, a wayi gari har rana ta take babu bakin da ya kira sunanta.

Ana cikin haka aka aiko a tara masu dafa abinci a filin makaranta. Wadda ta zo daga Daura wata matashiya ce, Malama Yasmin, ma'aikaciyar hukumar da ke kula da ciyar da ɗalibai, hancinta da bakinta a rufe da takunkumi. Ta sa aka zauna nesa-nesa da juna, abin da Rabi ta ce bai yi kama da taron mutane masu zumunci ba. Malama Yasmin ta yi bayani cewa abincin yara ba zai tsaya ba don an rufe aji, sai dai yanzu ɗanye za a bayar, shinkafa da wake da mai, a bi gida-gida duk inda akwai ɗan makaranta. Ba za a tara jama'a a ƙofar dagaci a yi layi ba, don cunkoso shi ne abin da ake gudu. Kuma da yake namiji ba ya shiga gidan matan aure, su ma ba za su fito wa baƙon namiji ba alhali mazansu ba sa nan, mace ake so daga kowace unguwa, wadda aka sani aka yarda da ita. Za ta ajiye kaya a bakin ƙofa, ta ja da baya, ba zama, ba shan ruwa, ba karɓar komai daga hannun kowa. Rabi tana ji tana gyaɗa kai, har ta fara tsara lungun da za ta fara bi.

Kafin a zaɓa, sai Malama Yasmin ta tambaya ko a cikinsu akwai mai hawan jini, ko ciwon suga, ko asma, ko tari mai naci.

To, a nan Rabi ta yanka wa kanta. Ita dai tun da ta san gwamnati ba ta taɓa jin ta tambayi ciwon mutum ba sai in tana da abin da za ta raba. Haka aka yi lokacin gidan sauro, haka aka yi lokacin maganin ido, kuma har gobe tana jin haushin tabaran kyauta da ya wuce ta don kawai ta ce idonta garau yake. Don haka ba ta bari wata ta riga ta ba, ta miƙe tsaye. Hawan jini tana da shi da gaske, ta faɗa. Suga kuwa an taɓa ce mata a asibiti ta rage shan zaƙi, ta haɗa da shi. Asma ta marigayiya mahaifiyarta ce, amma ta ga ba laifi ta gaje ta ranar. Don kada a yi mata musu sai ta kama ƙirji ta yi tari mai kyau, wanda ya sa matan da ke kusa suka ja tabarminsu. Har ta zunguri Kulu ta ce ta faɗi ciwon gwiwarta kada a raba babu ita. Kulu ta ce ba a tambayi gwiwa ba.

Malama Yasmin ta dube ta da tausayi, ta ce, "Inna Rabi, ke kam ki taimaka ki zauna a gida. Irinku cutar nan ta fi kayarwa. Ko ƙofar gida kada ki riƙa fitowa sai dole."

Daga nan ta juya ta tambayi wa ya rage daga unguwarsu. Kulu ce ta rage. Rabi ta yi tsalle ta dire ta ce tarin na barkono ne da ta daka da safe, asmar ma ta daɗe da barinta, sugan kuma ƙila kuskuren likita ne. Matan suka rufe baki da gyale suna dariya. Malama Yasmin ta ce lafiyarta ta fi musu komai, sannan ta miƙa wa Kulu koren falmaran mai tambarin hukuma, da takunkumi, da kwalbar man wanke hannu. A hanyar gida Rabi ta sha kunu, Kulu kuwa ta riƙe falmaran ɗin a naɗe a hammata kamar abin da ta sato.

Washegari aka fara. Nagoggo mai amalanken shanu shi aka ɗauka ya riƙa jan buhuna, Kulu na gaba yana binta. Rabi da aka ce ta zauna gida ta zauna, amma a zaure, idonta a tsagar ƙyaure. Ta ga Kulu ta wuce da koren falmaran a kan hijabi, ta ji an yi sallama a wani gida can gaba, ta ji muryar mata ta tashi da addu'a. Allah ya yi miki albarka, Kulu. Allah ya jiƙan mahaifa. Allah ya sa ki gama da duniya lafiya. A cikin azumi fa, lokacin da addu'a ba ta faɗuwa ƙasa. Rabi ta janye idonta daga tsagar ƙyauren. Kishi ne ya kama ta, ba wani abu ba, kuma ta gane shi tun a ranar farko.

Kafin a je ko'ina gari ya raɗa wa Kulu suna, Kulu mai rabo. Tafiyarta ma ta sake. Matar da a da take bin gefen katanga yanzu tsakiyar hanya take bi, in ta ce wa Nagoggo ya tsaya sai ya tsaya, in ta ce ya ja sai ya ja. Dagaci da kansa ya tsayar da ita ya yi mata sannu da aiki. Ita kuma ta daina shiga gidan Rabi, ta ce tana shiga jama'a da yawa, ba ta so ta kwaso wani abu ta kawo wa mai hawan jini. Sai dai da la'asar ta tsaya ta bayan danga su gaisa. Rabi ta san gaskiya Kulu ta faɗa, amma gaskiyar ba ta rage mata komai ba.

Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne bakin Kulu da ya rufe. A duk zamansu Rabi ce mai kawo labari, Kulu mai saurare. Yanzu Kulu ce ta san cikin kowane gida, ta san wanda ya kwana bai ɗora tukunya ba, ta san gidan mai rufin kwano da ake buɗa baki da ruwa zalla. Rabi ta bi ta nan, ta bi ta can, ta ce ai ita ba baƙuwa ba ce, amma Kulu ta ce asirin mutane ne, an ce kada su faɗa. Labari ɗaya ta ba ta, cewa a unguwar gabas an karɓe falmaran ɗin wata don ta karɓi ƙwan zabi a wani gida, Malama Yasmin ta ce in aka bar wannan ƙofa a buɗe gobe marar abin bayarwa zai ji kunyar karɓar rabonsa. Rabi ta taɓe baki ta ce su dai 'yan boko ba sa rasa doka.

Ta fara sakin habaici ta kan katanga. Ta ce wa maƙwabta ɗaukar ɗanyar shinkafa daga nan zuwa can ba gwaninta ba ce, shanun Nagoggo ma suna yi, a ba mutum wuta da ludayi a ga iyakarsa. Ta ce koren falmaran bai karɓi mai duhun fata ba. Iyakar abin da ba ta yi ba shi ne ta ce Kulu na rage mudu, don ta san ƙarya ce, kuma ko a cikin fushi akwai inda Rabi ba ta takawa. In ta idar da salla takan yi istigfari, ta tuna wa kanta abin da malamai suke faɗa a kan hassada da yadda take cinye lada. Sai ta ji sanyi a ranta, ta yi niyyar gobe za ta yi wa Kulu addu'a da baki ɗaya. Gobe in ta ji ƙarar ƙafar amalanke sai niyyar ta bi iska.

Ranar da abin ya kai mata iya wuya, maƙwabciyarta Siddiƙa ce ta jawo. Wannan Siddiƙa 'ya'yanta sun sha ƙarin ludayi a hannun Rabi a makaranta, don Rabi ta san halin gidan. Amma sai ga ta tana gaya wa wata, da murya yadda kowa zai ji, wai ashe duk shekarun nan Kulu ce mai hannun albarka ba a sani ba, shiru-shirun nan nata na bayin Allah ne. Rabi na tsakar gida tana tankaɗe ta ji. Ta ajiye rariya ta shiga ɗaki, ta zauna a bakin gado, hawaye suka zo mata don takaici. Ba abincin take ƙyashi ba, ba kuma ɗan abin da ake ba Kulu na aikin ba. Gurbinta take ganin an cike, da mutumin da ita ta kawo da hannunta.

Kulu ta bar lungunsu sai ƙarshe, don kada a ce ta fara da nata. Da yake Amatullah 'yar aji biyu ce, gidan Rabi na cikin masu rabo. Da Kulu ta gaya mata ta bayan danga cewa gobe za a iso gare su, kuma Malama Yasmin za ta zo ta ga yadda aka kammala, sai Rabi ta hango abin da zai faru. Za ta tsaya a ƙofar gidanta, lungu na kallo, Kulu ta dire mata abinci ta ja da baya, ita kuma ta sunkuya ta ɗauka ta ce an gode. Ita Rabi, da rabin yaran garin suka girma da wakenta. Ta ji gara ta kwana da yunwa. Amma ƙin karɓa ma abin magana ne, kuma yarinya na buƙata.

A nan tukwici ya faɗo mata a rai. Kowa ya san al'ada, in an aiko maka da kyauta ba ka barin wanda ya kawo ya juya haka nan, kakan ba shi ɗan wani abu, goro ko ƙwai ko gyaɗa. Abu ne na mutunci. Sai dai yana faɗin wata magana ba da baki ba, cewa kyautar ta mai aikowa ce, wanda ya kawo ƙafa ce kawai, kuma mai bayar da tukwici yana sama da mai karɓa. Rabi ta ga in ta miƙa wa Kulu tukwici a gaban jama'a ta mayar da ita inda take, 'yar aike. In Kulu ta ƙi karɓa, gari zai ga falmaran ya sa mata girman kai har tana mayar da hannun ƙawarta baya. In kuwa ta karɓa, to Rabi ba ta bari tunaninta ya ƙarasa nan ba. Ta gaya wa kanta cewa al'ada kawai za ta raya. Amma ta san labarin ƙwan zabin unguwar gabas, daga bakin Kulu ma ta ji shi, kada wani ya ce ba ta sani ba.

Ba goro ta ɗauka ba, ba ƙwai ba. Daƙwalwar kazarta ta kama, wadda ta fi kowacce girma, wadda take tanadi don Salla, ta ɗaure mata ƙafafu. Ta yi wanka ta ɗaura atamfar da take zuwa biki da ita.

Da hantsi amalanke ya shigo lungu. Mata sun leƙo ta zaure, tsofaffi na zaune a inuwa nesa da juna, Malama Yasmin na tafe a baya da lema. Kulu ta sauke kason gidan Rabi, ta ajiye a bakin ƙofa, ta ja da baya kamar yadda aka koya mata, ta yi sallama. Ko ta cikin takunkumi ana gane murmushi take yi. Maimakon Rabi ta miƙo hannu daga ciki kamar sauran mata, sai ta fito waje gaba ɗaya, kaza a hannu. Ko kallon kayan ba ta yi ba. Ta ɗaga murya yadda na ƙarshen lungu zai ji.

"Ki gaya ma waɗanda suka aiko ki na gani, na gode. Ga tukwicinki. Ɗan aike ba ya barin ƙofata hannu rabbana."

Nagoggo ya sami abin dubawa a wuyan sansa. Kulu ta sassauta murya ta ce, "Rabi, kin san doka."

"Na san al'ada," in ji Rabi, ta ƙara miƙa hannu.

Suka tsaya haka. Kazar tana da nauyi, ga azumi, ga rana, hannun Rabi ya fara gajiya. Sai a lokacin ta ga ɗaya gefen abin da ta ƙulla. In Kulu ta juya ta tafi, ba girman kan Kulu za a yi ta faɗa ba, cewa za a yi Rabi ta fito da kyauta a ƙofar gidanta an bar ta da ita a hannu, kuma za a yi ta faɗa har jikokinta su ji. Ba ta da hanyar janye hannun, ba ta da ƙarfin ci gaba da riƙewa. Kulu ta dubi fuskarta, ta dubi hannun da ke riƙe da kazar. Ta san Rabi fiye da yadda Rabi ta san kanta, ta san me aka shirya mata da dalilin shirya shi. Sai ta tako, ta sa hannu biyu ta karɓi kazar, ta rusuna har ƙasa yadda yaran aike suke yi, ta ce ta gode, Allah ya ƙara arziki.

Malama Yasmin ba mai son tozarta mutane ba ce. Ta matso ta ce wa Kulu a hankali ta mayar, ita za ta ɗauka ba ta ga komai ba. Kulu ta ce ba ta taɓa mayar da hannun kyauta baya ba, kuma ba a wannan ƙofar za ta fara ba. Malama Yasmin ta ce to ta san abin da aka yi wa ta unguwar gabas, ba za ta iya yin doka biyu a gari ɗaya ba. Kulu ta ce ta sani. Ta ajiye kazar a ƙasa, ta cire falmaran ta ninke shi da kyau ta miƙa, ta nuna wa Nagoggo gidajen da suka rage da wanda ke da marar lafiya a ciki, sannan ta ɗauki kazarta ta nufi gida ta gefen katanga. Rabi ta tsaya da kayan abinci a gaban ƙafarta. Babu makawa dai sai da ta sunkuya ta ɗauka.

Da zagaye na gaba ya zo, wata Raihana matar malamin makaranta aka ba falmaran. Yarinya ce mai kirki, tana yin aikinta, ana yi mata godiya daidai gwargwado, kuma Rabi ba ta ji komai a ranta game da ita ba, ko da ƙwayar zarra. Wannan ya ba ta mamaki, ya kuma ba ta tsoro. Wasu a gari har yaba mata suka yi, suka ce Rabi akwai kyauta, daƙwalwa sukutum a wannan marra. Duk wanda ya faɗa mata haka sai ta ji kamar ya watsa mata ruwan zafi. Masu hankali kuwa sai gaisuwarsu ta gajarce.

Ta zauna jiran Kulu ta zo su yi faɗa. Ta tanadi amsoshi, ta san abin da za ta ce in Kulu ta ce kaza, da abin da za ta ce in ta kawo maganar hassada, ta ma shirya inda za ta fashe da kuka a yi sulhu. Sun sha yin faɗa a baya, Rabi ta yi ta ruwan masifa, Kulu ta yi shiru, kafin magariba an wuce wurin. La'asar ta yi ta wucewa babu kowa a bayan danga. Salla ta zo ta wuce, tuwon Kulu ya iso a hannun wata maƙwabciya, da miya mai kyau, ba a rage komai ba, amma ba saƙon ko kalma ɗaya.

Da aka sassauta dokar kulle, Rabi ta gaji da jira ta yafa gyale ta tafi da kanta. Ta sami Kulu a tsakar gida tana tsince wake. Rabi ta shiga da surutunta, tana cewa wannan wake ai duk ƙwari ne, wa ya sayar mata, tana neman turmin da za ta kifa ta zauna. Kulu ta miƙe da fara'a ta ce maraba, maraba. Ta shiga ɗaki ta ɗauko sabuwar tabarma, wadda ake ajiyewa a saman gado don surukai, ta kakkaɓe ta shimfiɗa a inuwa. Ta kawo ruwa a kofin gilashi a kan faranti, ta durƙusa ta ajiye. Sannan ta koma gefe ta zauna ta fara gaisuwa tun daga farko, ina wuni, ina gajiya, ya gida, ya yarinya, ya jikin, ya muka ji da wannan zamani. Tun da Rabi take shiga gidan nan ba a taɓa yi mata shimfiɗa ba. Ta zauna a kan tabarmar kamar a kan ƙaya, duk maganganun da ta tanada suka tsere.

"Kulu," in ji Rabi, "zagina za ki yi, ki zage ni mu huta."

"Subhanallahi, a kan me? Ke da kika yi mini alheri." Kulu ta tura faranti gabanta. "Sha ruwa mana."

Rabi ta sha, don ba ta san abin da za ta yi da hannunta ba. Suka taɓa maganar damina da tsadar taki, Kulu na amsawa da ladabi, ba ta katse ta ko sau ɗaya ba. Da Rabi ta ga zaman ya ƙi, ta miƙe ta ce za ta koma. Kulu ta ce tun yanzu, ai da ta bari an ɗora girki. Ta ɗauki mayafi ta ce bari ta taka mata. Rabi ta ce wace irin rakiya kuma, gida da gida. Kulu ta ce ai ba a barin baƙo ya fita shi kaɗai.

Ta rako ta har waje, suka yi 'yan taku tare a cikin lungun da suka tsufa a cikinsa, Kulu a gefenta, kafaɗa da kafaɗa. Daidai rabin hanya ta tsaya, ta ce sun gode da ziyara, Allah ya ba da lada, a gaida mutanen gida. Ta juya ta koma. Rabi ta bi ta da ido har ta shige zaure, tana jira ko za ta waiwayo, sannan ta ƙarasa sauran hanyar ita kaɗai.